Ranar da Muka Tono Uwar Gara a Arlit

Shekaru sun tura, kaina ya yi furfura, abubuwa da yawa na zaman da na yi a Arlit sun riga sun fita daga kaina. Na manta sunayen wasu maƙwabtana, na ma manta ko ƙofar gidanmu shuɗiya ce ko koriya. Amma kwana ukun nan da muka yi muna bin gara a ƙarƙashin ƙasa, mu mata goma sha ɗaya da wani tsoho guda, su kam sai dai a rufe ni da su. Ba zan taɓa mantawa ba.

Ni mutuniyar Damagaram ce, aure ne ya kai ni Arlit lokacin da garin yake tashe. Maigidana direba ne a kamfanin haƙar uraniyom, muna zaune a gidajen ma'aikata, ga wuta, ga ruwa, ga likita. Ana haka kasuwar uraniyom ta faɗi, aka shiga rage ma'aikata. Wata rana ya dawo da takarda a aljihu, bai ci abinci ba, ni kuwa ban tambaye shi ba don na gani a fuskarsa. Muka bar gidan kamfani, muka gina namu na ƙasa a wata unguwa can bakin gari, ɗaki biyu da rumfa. Shi kuma ya samu kamyon wani ɗan kasuwa, babbar motar kaya, yana ja zuwa Assamakka, wani lokaci har cikin Aljeriya. In ya tafi sai ya yi wata biyu ba mu ji ɗuriyarsa ba. Ya bar ni da yara huɗu, ya kuma damƙa amanar gidan a hannun wansa, bakanike mai garaji a bakin tasha, wanda duk muke ce wa Yaya.

Wanda bai zauna Arlit ba ba zai gane tsoron da muke ciki a shekarun nan ba. Garin ba a noma shi. Duk abin da za ka kai baka, daga hatsi har barkono, a bayan mota yake zuwa daga kudu. To ga fari a kudu, ga tawayen Buzaye a daji. Hanyar Agadas sai an tara motoci, soja sun yi rakiya, wani lokaci a yi makonni ba a ga ƙurar mota ko ɗaya ba. In ayari ya makara, tiyar hatsi sai ta tashi kamar ana hura ta.

Shi ya sa mu matan da muke asusu tare muka yanke shawara, ranar da ayari ya shigo mu sayi hatsi da yawa mu ajiye. Wata ta sayar da kwanonin aurenta, wata keken ɗinki, ni na sayar da 'yan kunnena. Aka jibge buhunan a ɗakina na ciki, don shi ne mai ƙofar ƙarfe. Makulli yana ɗaure a bakin zanena, ko wanka zan shiga da shi nake shiga. Duk Juma'a da safe su zo in auna wa kowace rabonta.

Wata safiya na shiga ɗakin, sai na ga wani siririn zane na laka ya taso daga gindin bango ya miƙe sama, kamar jijiya a hannun tsoho. Na sa farce na kankare. Sai ga su farare, suna ta kai da kawo a ciki. Na kama buhun da ke kusa zan ja, buhu ya taso, gindinsa ya zauna a ƙasa, hatsi ya tsiyayo mini a ƙafa haɗe da laka. Na ɗaga kai na dubi rufi, na ɗauko wuƙa na caka wa azara ɗaya. Wuƙar ta shige kamar na caka wa burodi.

Na zauna a ƙasa daɓas. Gara a Arlit! Garin da shekara kan zagayo ba a ga ruwan sama na kirki ba, garin da ko ciyawa sai ka yi tafiya kafin ka gani. Kuma ba hatsina ni kaɗai ba, abincin gida goma sha ɗaya ne.

Na aika aka kira Yaya. Ya zo, ya duba, ya ce, "Amarya, kwantar da hankalinki, wannan ƙaramin abu ne." Haka yake kirana, Amarya, ko da yake na haifi huɗu. Kafin azahar ya kawo baƙin mai na mota a bido, wato jarka, aka shafe gindin bango da azaru. Haka kowa yake yi a unguwar, kuma ba a sayensa. Kwana takwas ban ga gara ba, har na fara barci da kyau. Rana ta tara na ɗaga wani buhu a tsakiyar ɗaki, nesa da bango, na tarar ta huda ƙasa ta fito ta nan. Ashe kewaye man ta yi kawai. Ga kuma wata masifa: hatsin da ke kusa da bango ya sha wari. Na yi tuwo da shi, ƙaramin ɗana ya kai loma ɗaya ya ce, "Tuwon nan warin garajin Yaya yake yi." Ya ture kwanon.

Da Yaya ya ji, sai ya ce to yanzu sai babban magani. Washegari da hantsi ya shigo da wani mutum mai riƙe da abin feshi a baya da bido a hannu. Bidon ba rubutu, ba hoto, ba komai. Mutumin ya ce ragowar maganin da ake fesa wa fara ne daga jirgi, wani ne ya samo masa. Ya ce zai huda ƙasan ɗakin wuri wuri ya zuba, ya feshe bango da rufi, a rufe ƙofa kwana uku.

"Madam," ya ce, "in na gama, ko kunama ba za ta sake ratsa ɗakin nan ba. Shekara guda cur yana cikin ƙasa yana aiki."

Yaya ya yi murmushi, ya dube ni kamar ya ce kin ji ko. Ni kuwa maganar shekara guda ɗin nan ce ta tsaya mini a rai. Shekara guda yana cikin ƙasar da hatsinmu zai zauna a kai, cikin bangon da 'ya'yana ke jingina kansu a ɗaya ɗakin. Da ya buɗe bakin bidon don ya nuna mana, idona ya cika da ƙwalla tun daga inda nake tsaye. Na dubi hannunsa, duk fatar ta saɓule ta yi ja, yana magana yana tari.

Na ce, "Malam, in ka fesa, bayan kwana uku na mai da hatsin, na yi maka fura da shi, za ka sha?"

Ya yi dariya, ya dubi Yaya. "Ai ni ba na shan fura, Madam, tana kumbura mini ciki."

"To 'ya'yanka fa? In aika musu?"

Ya sunkuya yana gyara igiyar abin feshinsa. Yaya ya ɓata rai, ya ce ban iya magana da baƙo ba. Na ba shi haƙuri, na ce hatsin ba nawa ni kaɗai ba ne, sai na ji ta bakin masu shi. Da wannan na samu suka tafi.

Na zaci matan za su goya mini baya. Ina! Da suka taru da la'asar suka ga buhun da ya fashe, sai wuri ya rikice. Babbarmu, wata Inna mutuniyar Tawa, mai tuya a bakin kasuwa, ta ce, "Ke dai a fesa. Kowa na fesawa, wa kika ji ya mutu? In gara ta gama da hatsin nan me za ki ce mana? Ni ba ni da wani kwanon da zan sake sayarwa." Wasu suka ce a raba, kowace ta kai nata gida. Amma yawancinsu a bukkokin tabarma da kwali suke, ba ƙofa, ba makulli, kuma a lokacin nan ba ka so a ga buhu ya shiga gidanka. Aka watse ba a tsai da magana ba. Gaskiya Inna ba ta yi laifi ba. Yau da nake tunawa, da ni ce a matsayinta wataƙila abin da zan faɗa ke nan.

Akwai wani tsohon Buzu da nake sayen tumatir da salati a wurinsa, a garake, wato lambunan da ke bayan gari, inda ruwan da kamfani ya zubar yake taruwa. Da can mai raƙuma ne, fari ya kashe su, ya shigo gari ya kama ban ruwa. Washegari na je sayen kayan miya, ya ga fuskata ba daidai ba, ya tambaye ni. Na kwashe labari na gaya masa, ba don ina jiran komai ba, don dai zuciyata ta cika. Hausarsa irin ta Buzaye ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa.

Ya ce, "Ɗiyata, kai ka ga laka a bango. Laka da mi ake yin shi?"

Na ce, "Da ruwa, Baba."

"To ina shi samu ruwa a Arlit? Gara ba shi iya kwana biyu bai sha ba. Akwai wurin da shi ke sha, kusa da gidanka. Nan gidansa, nan uwarsa. Wanda ka gani a ɗaki 'yan aike ne. Ka kashe dubu yau, gobe uwa shi haifo dubu. Nemo ruwa, nemo uwa."

Ya ce a garkarsa haka ya yi da ta addabi dabinonsa. Na tsaya riƙe da kwanon tumatir, na ji kamar an buɗe mini taga a kai. Na roƙe shi ya zo ya duba, ya ce zai zo.

Nan fa aka yi ta da Yaya. Da na gaya masa, sai ya ajiye sifanar da ke hannunsa, ya ja ni gefe. "Amarya, kina da hankali kuwa? A wannan zamani za ki shigo da Buzu gidan da ke cike da hatsi? Kin san da wa yake magana a daji? In ma shi ba ruwansa, soja su ga yana shiga yana fita, me za ki ce musu? Ƙanena amana ya ba ni."

Ban ga laifinsa sosai ba, don haka garin ya koma a lokacin. Mutanen da kuka yi shekaru kuna shan shayi tare, sai ga shi kowa yana kallon rawanin ɗan'uwansa. Na durƙusa na ce, "Yaya, shekara nawa muna cin tumatir ɗin tsohon nan? Ka ba ni kwana uku. In ban ga bayanta ba, da hannuna zan buɗe wa mai feshi ƙofa." Ya ce, "Kwana uku. Na huɗu da safe zan zo da mutumin nan." Ya koma ƙarƙashin motar da yake gyara.

Na bi matan gida gida. Inna ta ce za ta zo, amma don ta tsare buhunanta, ba don ta yarda ba.

Ranar farko da sassafe muka fitar da buhunan tsakar gida, muka shanya wanda ya taɓu a rana. Baba ya zo, ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗaki, ya tsuguna yana ƙwanƙwasa ƙasa da sandarsa, yana kasa kunne. Ya nuna inda gara ta fito a tsakiyar ɗaki ya ce a haƙa nan. Muka haƙa da galma da fartanya da kwano. Har gwiwa, har ƙugu. Ƙasa busasshiya ƙamas, sai 'yan hanyoyinta sirara da suka yi gefe suka ɓace. Rana ta faɗi, hannuwanmu sun yi kanta, ba mu ga komai ba.

Rana ta biyu ya ce a gwada wurin randuna, tunda nan ake zubar da ruwa. Muka haƙa. Saman da laima, ƙasan kuwa ƙamas. Muka koma bakin makewayi, nan ma haka. Mata biyu suka ajiye galma suka ce sun gaji da wasan yara, suka tafi. Da azahar Yaya ya leƙo, ya ga gidan ƙanensa rami uku, ƙasa tsibi tsibi. Ya riƙe baki. "Wannan gida ne ko maƙabarta? Gara ba ta rushe shi ba, ke za ki rushe." Ya juya ga tsohon. "Malam, ina uwar da ka ce?"

Baba ya sauke kai. Ya ce, "Ban sani ba. Na ce yana kusa, ban gani ba. Wataƙila na yi kuskure."

Wallahi da ya yi gardama da ya fi mini sauƙi. Yaya ya fita yana cewa saura kwana ɗaya.

Na zagaya bayan gida don kada su ga hawayena. Rana tana tsaka, irin ranar Arlit da ko ƙarfe ba ka iya taɓawa. Ina tsaye ina share ido, sai na lura da kajin maƙwabciyata. Duk sun taru wuri ɗaya a gindin katangarmu, sun baje fukafukai, sun manna ƙirji da ƙasa. Wurin kuwa ba shi da wata inuwa ta kirki. Sai na tuna kullum nan suke kwanciya, har karen unguwa ma nan yake zuwa. Na kore su, na ɗora tafin hannu. Sanyi! Nan take na tuna tiyon ruwa da maigidana ya binne da kansa, daga pampon bakin hanya zuwa gidanmu, ta nan ya bi da shi. Na kuma tuna wata da watanni ina mita ruwanmu ba ya zuwa da ƙarfi.

Da gudu na koma ciki, ɗankwalina ya faɗi ban tsaya ɗauka ba. "Baba! Baba, zo ka taɓa!" Ya zo, ya tsuguna, ya tona da yatsu, ya ɗebo ƙasar ya shinshina. Sai na ga idanunsa sun yi dariya a saman rawani. Ya ce, "Ɗiyata, kai ka fi ni ido."

Rana ta uku tun da aka sallame asuba muka fara. Har matan nan biyu da suka tafi sun dawo. Da muka haƙa taƙi ɗaya ƙasa ta canza kala, ta yi duhu, ta fara manne wa galma. Kafin hantsi sai ga tiyo, ya tsage ta ƙasa, ruwa yana ɗiga a hankali, ɗis, ɗis, wa ya san tun yaushe. Ga hanyoyin gara nan manya manya kamar yatsa, duk sun nufi ƙasa. Muka ci gaba. Da muka kai ƙugu sai muka ci karo da wani abu mai tauri kamar siminti. In ka sara, galma ta dawo maka. Muka yi ta karɓa-karɓa, ƙotar fartanya biyu ta karye, abin ko gezau.

Muna cikin haka na ji inuwa a kaina. Yaya ne, ya zo ganin ƙarshen wautata. Ya dubi tiyon da ke ɗiga, ya dubi lakar, ya dubi tsohon. Ya juya ya tafi. Na ce shi ke nan, ya tafi kiran mai feshi tun kwana uku ba su cika ba. Jim kaɗan sai ga shi da diga a kafaɗa. Ya tuɓe rigarsa ya miƙa mini. "Amarya, fito daga ramin nan. Wannan ba aikin galma ba ne."

Sara na huɗu abin ya fashe. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ɗakuna ne a ciki, hawa hawa kamar saƙar zuma, an gina su a jikin wani tsohon kututturen itace da ke binne tun kafin a yi unguwar. Gara ta ɓarke kamar an kwance bakin buhun shinkafa. Zago masu jajayen kai suka hau ƙafafun Yaya suna cizo, yana tsalle yana salati, yana sara. Mu kuma me za mu yi in ba dariya ba. Kajin unguwa kaf suka zubo cikin ramin, ranar sun yi salla.

Baba ya ce a dakata. Ya shiga ramin da kansa, tsoho da shi, ya zura hannu har kafaɗa yana lalube, zago na cizonsa bai ko motsa ba. Ya jawo wani dunƙulen laka kamar ƙaramar ƙwarya, ya fito, ya ajiye a gabana, ya miƙo mini wuƙarsa. "Kai ka gano shi, kai za ka buɗe."

Na tsaga. Ga ta nan kwance, fara sol, doguwa kamar babban yatsan namiji, cikinta yana motsi, ɗan kanta ƙarami a gaba. Wannan abar ce ta hana ni barci, ita ce ta kusa cinye kwanonin aure da keken ɗinki da 'yan kunnena.

Wadda ta fara rangaɗa guɗa Inna ce. Ita da ta zo tsaron buhu! Ta yi guɗa har sau uku, sauran suka ɗauka. Ta karɓe uwar garar ta ɗora a murfin kwano, ta ɗaga sama, muka bi ta a baya muka zagaya unguwa, jikinmu duk laka, muna tafi. Mutane suka firfito suna tambaya ko ayari ne ya shigo, ko an yi sulhu. Muka ce a'a, gara muka kama. Wasu suka yi dariya, wasu suka biyo mu. An daɗe ba a ji guɗa a unguwar nan ba. Daga ƙarshe Inna ta jefa wa wani jan zakara, ya haɗiye ta a loma biyu.

Aiki bai ƙare nan ba. Baba ya sa muka fasa gidan gaba ɗaya, muka ciro kututturen, muka zuba garwashi a ramin ya ci har la'asar, sannan muka bi da toka da gishiri, muka mai da busasshiyar ƙasa muka daɓe. Yaya ya yanke tiyon da ya tsage ya sa sabo. Washegari ya turo amalanke cike da tsofaffin ƙarafan ƙafar mota daga garaji, ya gitta ƙarfe a kansu, ya yi mana dandamali, buhu ba ya taɓa ƙasa, ba ya taɓa bango. Ya canza azaru biyun da suka ruɓe. Baƙin man nan ma ya samu wurinsa: aka shafa shi a kan sababbin azarun tun suna waje, suka sha rana har warin ya fita kafin a ɗora. Baba ya ce in riƙa zagaya ɗakin kowace safiya ina duban bango, kuma kada in bar ruwa ya kwana a gindin gini.

Abin da ya fi tsaya mini a zuciya ya faru ne da aka gama. Baba yana ɗaura takalminsa zai tafi, Yaya ya tare shi. Ya tsuguna a gabansa, babban mutum mai garaji, ya ce, "Baba, na yi maka mummunan zato, kuma na faɗa da bakina. Ka yafe mini." Tsohon ya kama hannunsa ya ce, "Zamani ne ya kawo. Tashi mu sha shayi." Suka zauna a rumfata, na hura musu gawayi, suka sha har kofi na uku. Mai feshi kuwa Yaya da kansa ya je ya ba shi haƙuri. Ba zan ce maganinsa ba ya kashe gara ba, yana kashewa. Amma na san wani gida da aka fesa, masu gidan suka ƙare bazara a tsakar gida don ɗakin ba ya shiguwa, daga baya kuma garar ta ɓullo musu ta ɗakin girki.

Ba a yi wata ɗaya ba hanya ta rufe, rufewar da ta fi kowace daɗewa a zamana can. Hatsi ya ɓace a kasuwa. Mu kuwa duk Juma'a ina buɗe ƙofar ƙarfen nan ina auna wa kowace rabonta, hatsi mai tsabta, ba laka, ba wari. Abin da muka yi asara bai kai buhu biyu ba. Ba gidan da ya kwana da yunwa a cikin goma sha ɗayan nan, har muka riƙa ɗiban tiya muna kai wa Baba da wasu maƙwabta. Da maigidana ya dawo, a rame, yana fargabar abin da zai tarar, sai ya sami yara sun yi ɓul-ɓul. Yaya bai bar ni na ba shi labari ba, shi ya kwashe ya faɗa, har da nuna tabon cizo a ƙwaurinsa.

Daga nan sunanmu ya fita. Duk gidan da aka ga laka a bango sai a ce a kira matan nan masu bin gara. Mu tafi da galma, mu fara da tambayar ina tiyonku ya bi, ina kuke zubar da ruwa. Wani gidan mu samu uwar, wani gidan ba mu samu ba, amma ko gyaran tiyo kaɗai sai ka ga abin ya lafa.

Yanzu na koma Damagaram, jikokina suna dariya in na fara labarin nan, don sun ji shi ya fi a ƙirga. Amma ina gaya musu abin da na koya a ramin nan. In matsala ta zo maka, kada tsoro ya sa ka rungumi maganin da ya fi saurin zuwa hannu. Tsaya ka tambaya me zai bari a gidanka bayan ya gama aikinsa, kuma ka nemi abin da ke ciyar da matsalar, don shi ne ainihin abokin faɗanka. Na kuma koyi cewa mai ilimin da zai fisshe ka yana iya zama mutumin da kowa ke gudu, kuma shi ɗin ma yana iya cewa bai sani ba, sai kai ka buɗe naka idon ka ƙarasa. Tun daga ranar ban sake cewa ni mace ce, ba abin da zan iya ba. Na riƙe galma, na ga abin da ta tono.